Fitilar LED a ɗaki da cikin mota: kurakuran da na gaji da gani

Duk wanda ya zo mini da ƙorafin cewa fitilar LED ɗin da ya sa jabu ce, kafin ya gama bayani nakan faɗa masa abin da ya aikata. Labarin ɗaya ne, masu ba da shi ne ke canzawa: an sayo, an liƙa, an kunna, an ɗauki hoto, bayan wata uku haske ya dushe ko ya fara ƙiftawa, sai a ɗora wa mai sayarwa laifi. Jabu kam akwai shi, ban musa ba. Amma mafi yawan waɗanda na buɗe na duba, hannun wanda ya sa su ne ya kashe su. Ni kaina na kashe nawa har sau biyu, ɗaya ma saura ƙiris ta tafi da motar ɗungurungum.

Bari in kawar da ƙananan tukuna. Har yau mutum zai tsaya yana tambayar "wat nawa ne?" alhali haske yake nema. Wat wutar da fitila ke ci ce, hasken da take bayarwa kuwa da lumen ake auna shi. Tsohon gulob mai zare na wat 60 yana ba da kusan lumen 800, LED kuwa da wat 8 zuwa 10 take ba da wannan hasken. Sai lambar da ke da harafin K a jikin kwali, ita ce launi: 2700K da 3000K haske ne mai ɗan ja-ja irin na tsohon gulob, 4000K tsaka-tsaki, 6500K fari fat har da ɗan shuɗi. Ni dai ba na sa 6500K a ɗakin kwana, sai ka ji kamar an kwantar da kai a ɗakin tiyata, kuma kada ka gauraya launi biyu a silin ɗaya. Wurin madubi nemi wadda aka rubuta CRI 90, ita ce ke nuna launin tufafi da na fata yadda suke. Lambar IP kuma ita ke nuna yadda fitila ke jure ƙura da ruwa: banɗaki ba a kai masa mai IP20, daga IP44 ake farawa.

To, ga wanda ya ci mini tuwo a ƙwarya.

Na so in haskaka wurin ajiye ƙafa da ƙarƙashin kujerun motata, na sayo igiyar LED, doguwar nan mai kama da tef da ke zuwa a nannaɗe da gam a bayanta. Na jawo waya kai tsaye daga kan batir, na zura ta wani rami a bangon ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, na bi da ita ƙarƙashin kafet. Fiyus? Na yi lissafi na ga fitilar ko amfiya ɗaya ba ta ci, na ce fiyus na mene ne a kan wannan ɗan abu. Aiki ya yi kyau, duk wanda ya shiga sai ya yaba.

Makonni kaɗan bayan haka ina cikin tafiya da dare sai na ji ƙaurin roba. Na ɗauka daga motar gabana ne. Kafin in ankara hayaƙi ya fara tasowa daga ƙarƙashin dashbod, fari da farko, sannan ya yi duhu. Na gangara gefe na kashe mota, hayaƙin bai tsaya ba, don wayar ba ta bi ta makulli ba, batir take sha kai tsaye. Allah ya sa akwai sifana a but, hannu na rawa na kwance kan batir. Ashe girgizar hanya ce ta riƙa goga wayar a bakin ramin ƙarfen nan har robar ta yanke, tagulla ta taɓa jikin mota. Jikin mota kuwa shi ne ɗaya kan batirin. Batirin da ke iya tura ɗaruruwan amfiya ya juya inji da safe, shi na haɗa baki da baki da siririyar waya. Ta yi ja, ta narke, ta ƙona kafet, ta kuma narkar da wayoyin mota na asali da ke maƙwabtaka da ita.

Kwana biyu motar ta yi a wurin mai rewaya. Ya ɗaga ƙonanniyar wayar ya ce, "Malam, wa ya yi maka wannan aika-aikar?" Na ce wani yaro ne. Ya dube ni, na san bai yarda ba. Ya ce, "To ka gaya wa yaron, ba don fitila ake sa fiyus ba, don waya ake sa shi." Wannan ce maganar da lissafina ya tsallake. Ko fitilarka ba ta cin komai, wayar da ke tsakaninta da batir bam ce matuƙar babu abin da zai tsinke idan ta taɓa ƙarfe.

Tun daga ranar, fiyus nake fara sawa kafin komai, kuma kusa da inda na ɗebo wuta, bai wuce taƙi ɗaya ba. Fiyus ɗin da aka sa can kusa da fitila ado ne, duk tsawon wayar da ke bayansa tsirara take. Irin wannan ɗan haske, na amfiya 2 ko 3 ya isa. Duk ramin ƙarfen da waya za ta ratsa sai na sa masa zoben roba. Yanzu ma na daina taɓa batir sam, daga akwatin fiyus nake ɗebowa, a layin da ke mutuwa idan an zare makulli, kuma sai na tabbatar da mitar awon wuta, ba da ka ba. Wanda ya ɗora a layin da ba ya mutuwa ya manta da fitila mai cin amfiya ɗaya a kunne kwana biyu, ya zuƙe amfiya-awa 48 ke nan, kusan duk abin da ƙaramin batir ke riƙewa. Masu rimot da ke canza launi ma suna tsotsar wuta kaɗan-kaɗan ko a kashe suke.

Kuma haba jama'a, wannan ɗabi'ar ta murɗa waya biyu a naɗe da salatif a cusa bayan dashbod, yaushe za a bar ta? Motar da ta wuni a rana gam ɗin salatif narkewa yake, ya sulale, ya bar tagulla a buɗe. Ka liƙe da dalma, ka sa robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi. Masu ganin fiyus ya tsinke su ɗaura masa waya ko su sa wanda ya fi shi girma, ku da ni ranar nan babu bambanci, sai dai ni ban sani ba, ku kun sani. Duk waya ko soket mai launin rawaya a cikin mota, ta jakar iska ce da ke buɗewa lokacin haɗari, kada ka soke ta da allurar gwaji, kada ka ɗebi wuta a jikinta. Motoci da yawa suna da irin wannan jakar a ginshiƙan gefen gilashin gaba da gefen rufi, idan ka gitta waya ta gabanta, ranar da za ta buɗe ka sa mata tarnaƙi.

Akwai wani abin da ba a cika sani ba. An rubuta bolt 12 a igiyar, an ce mota ma bolt 12 ce, sai a ɗauka an dace. Cikakken batir a kashe yana nuna kusan 12.6, da inji ya tashi altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, kan kai shi 14 da ɗoriya. Igiyar bolt 12 ƙwaya uku-uku aka jera, kowace na shan kusan bolt 3, ragowar bolt ukun ɗan rezisto, wato abin da ke rage gudun wuta, shi ke riƙe su. Idan wuta ta kai 14.4, abin da ya rage wa rezisto ya haura bolt 5, wutar da ke ratsa ƙwayoyin ta ƙaru da fiye da rabi. Hasken zai burge ka a makon farko, sannan su fara mutuwa uku-uku. Ni ɗan regileta mai tsayar da wuta a 12 nake sa musu a tsakani. Manyan motocin ɗaukar kaya da yawa kuwa bolt 24 ne, a nan igiyar 12 nan take za ta ƙone.

Idan ka canza ƙwan rufin mota ya ƙi kamawa, kafin ka ce ya mutu zare shi ka juya, LED ta hanya ɗaya wuta ke bin ta. Idan dashbod ya nuna alamar ƙwai ya mutu alhali yana ci, kwamfutar motar ce ta ga wutar ta yi kaɗan, nemi wanda aka rubuta CANbus. Kada kuma ka sa hasken da ke dawowa a gilashin gaba da dare, garin neman gira a rasa ido. Ja da shuɗi masu walƙiya da ake hangowa daga waje, ƙasashe da yawa sun keɓe su ga 'yan sanda da motocin agaji.

Kuskurena na biyu a falo na yi shi, kuma zafi ne. Mutane sun ji an ce LED ba ta zafi, sun riƙe. Gaskiya ba ta gasa fuska kamar tsohon gulob, amma a bayanta zafin yake taruwa, kuma shi ne ajalinta. Na sayi igiyar LED mai wat 14.4 a kowace mita, mita biyar, na liƙa ta a kan katako a lungun silin. Mita biyar sau 14.4 wat 72 ke nan, amfiya 6 a bolt 12. Adaftar da ke hannuna ta amfiya 5 ce, wato wat 60. Na gwada ta kama, na ce shi ke nan. Na tura ta cikin silin, aka rufe da filasta, aka yi fenti, ko ƙofar da hannu zai shiga ban bari ba.

Da farko sai an yi awa guda a kunne take fara ƙiftawa, daga baya minti goma. Hasken da ya fara da kyau ya koma wani dishi-dishi, launinsa ya gurɓace. Ka duba ƙwayar farar LED a kashe za ka ga ɗigon rawaya. A ƙarƙashinsa shuɗin LED ne, wanda Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka ci kyautar Nobel a kansa a 2014, rawayan kuwa wani sinadari ne da ke mai da wani ɓangare na shuɗin hasken rawaya, su haɗu su zama fari. Da na ɓamɓaro tawa, ɗigon rawayan nan duk sun yi ruwan ƙasa kamar an babbaka su, don katako ba ya janye zafi, riƙe shi yake. Adaftar kuwa sai da aka fasa silin aka ciro ta, robarta ta lanƙwashe, kafasitocin ciki, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, sun kumbura. Irin waɗannan kafasitoci, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage musu kusan rabin rayuwa. Aikin gyaran silin da fenti ya ninka kuɗin fitilar ban san sau nawa ba, ga ƙura da ta cika gida mako guda.

Saboda haka awa 25,000 ko 50,000 da kake gani a kwali ba alkawari ba ne. Lissafi ne na lokacin da haske zai ragu zuwa kashi 70 cikin 100, kuma da sharaɗin tana shan iska. Yanzu duk igiyar da ta kai wat 10 a mita, a cikin kwararon alminiyam nake kwantar da ita, shi ke zuƙe zafin, murfinsa kuma ya ɓoye ɗige-ɗigen. Wasu na cewa ƙarin kashi 20 a kan ƙarfin adafta ya isa, ni sai na kai kusan 30 hankalina ke kwanciya, don haka wat 72 adaftar wat 100 nake ba shi. Kuma inda hannu zai kai nake ajiye ta, inda iska ke ratsawa. Haka gulob ɗin LED da aka kulle a cikin rufaffen gilashi, dafa shi ake yi. Kada kuma ka bar igiya a kunne tana nannaɗe a kan faifanta wai kana gwaji, minti kaɗan ya isa ta gasa kanta.

Masu jona igiya a wutsiyar igiya har mita goma sha biyar su dawo suna tambayar me ya sa ƙarshen ya dushe, amsar ita ce siririn tagullan da ke jikinta ba zai kai wutar can ba. Mai bolt 12 kada ta wuce mita biyar a jere, mai 24 takan kai goma. Abin da ya fi haka, kowace a ja mata wayarta daga adafta, ko a ba ta wuta ta kai biyu. Yanka kuma sai a kan layin da aka zana almakashi. Kafin liƙawa a goge wurin da sifirit ya bushe, a mota ma a ƙara da maɗauri, don gam shi kaɗai ba ya jure zafin rana.

Tsohon makunni mai rage haske don gulob mai zare aka ƙera shi, shi ya sa LED ke ƙugi ko rawa a kansa. Dole gulob ɗin ya zama wanda aka rubuta ana iya rage masa haske, makunnin ma ya zama na LED. Ni kafin in sayi gulob da yawa, ɗaya nake kunnawa in haska masa kyamarar waya, idan na ga baƙaƙen layuka suna gudu a allo sai in bar shi, irinsa ne ke sa wasu ciwon kai ba su san dalili ba.

Sai wadda ke ɗan haske ko bayan an kashe ta, har yara su ce aljanu ne. Ko dai makunnin yana da ɗan ƙwan nuni a jikinsa da ke zurara wuta kaɗan, ko kuma wanda ya yi wayarin gidan ya sa makunni a kan nutural, wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ya bar layif mai kawo wutar a haɗe. Na farkon canza makunni ne kawai. Na biyun kuwa yana nufin akwai wuta a mazaunin gulob ɗin ko makunni na kashe, don haka kashe babban layi daga akwatin wuta kafin ka sa hannu, ka kira mai gyaran lantarki ya juya wayoyin.