Kurakuran da ake yi wa albam ɗin kiɗan yanayi, daga sauraro har zuwa ajiya

Kiɗan yanayi, wanda ake kira ambiyent, kiɗa ne da ake haɗawa da na'urorin lantarki, yana tafiya sannu a hankali, yawanci babu ganga babu rera waƙa. Sauti ya shigo, ya daɗe, ya narke cikin wani. Mai tara fayafai da ya saba da waƙoƙin minti uku ko huɗu, idan irin wannan albam ya shigo hannunsa, sai ya yi masa riƙon da yake yi wa sauran. Shi ke nan sai albam ya kwanta a kanta shekara da shekaru, mai shi yana cewa ai bai yi ba, alhali ba a taɓa jin sa yadda ya kamata ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawar yanke hukunci. Mutum ya kunna, ya ji sakan talatin, ya ja gaba zuwa tsakiya, ya ji kamar ba abin da ya canza, ya kashe. Wannan kiɗa ba a ɗanɗana shi haka. Albam ɗin makaɗin Birtaniya Brian Eno na 1978, Music for Airports, wanda daga gare shi sunan ambiyent ya bazu, kashi huɗu ne kacal, kuma na farkon ya haura minti 16. A kashi na biyu an ɗauki muryoyi a kan zaren tef, aka haɗa bakin kowane zare ya zama zobe, kowane zobe da tsawonsa. Da yake tsawon bai zo ɗaya ba, muryoyin suna haɗuwa su rabu, kuma haɗuwar yanzu ba irin ta ɗazu ba ce. Wanda ya ja gaba ba zai taɓa jin wannan ba, domin abin yana cikin jira ne. Gyaran mai sauƙi ne: a kunna daga farko, a ajiye wayar nesa da hannu, a bar shi ya kai ƙarshe. A sake gwadawa wata rana a wani lokaci daban, domin albam ɗin da ya gundure ka da tsakar rana yana iya kama ka da asuba.

Sai batun ƙara. Wasu suna ƙure murya kamar za a yi rawa, sai sautin ya yi nauyi ya dame ɗaki. Wasu kuma suna rage shi har ya ɓace a ƙarƙashin ƙugin fanka. Eno ya rubuta a jikin albam ɗin cewa ya kamata kiɗan ya zama wanda za a iya kau da kai daga gare shi, kuma za a iya zurfafa cikinsa, duka biyun daidai wa daida. Saboda haka a saita murya inda mutum biyu za su yi hira ba tare da ɗaga harshe ba. Amma a sani, kunnen ɗan Adam ba ya kama sauti mai kauri sosai idan murya ta yi ƙasa, kuma ƙaramar sifikar waya ba ta iya fitar da shi ko kaɗan. Yawancin waɗannan albam a kan wannan kaurin aka gina su. Ko da sau ɗaya ne, a ji shi da abin saƙalawa a kunne mai kyau ko sifika mai ɗan girma. Ni dai ban yarda da hukuncin wanda a sifikar waya kawai ya ji albam ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ɓarnar da saitin manhaja ke yi ba tare da mai sauraro ya sani ba. Da yawa daga cikin waɗannan albam an tsara su ne kashi ya zarce cikin kashi babu tsayawa. Idan maɓallin gauraya waƙoƙi yana kunne, tsarin ya tarwatse, kamar a warware ɗinkin riga a miƙa wa mutum ƙyallaye. Idan saitin da ke narkar da ƙarshen waƙa cikin farkon ta gaba yana aiki, zai cinye shirun da mai kiɗan ya bari da gangan. Shi kuma MP3 a tsarinsa yana ƙara ɗan guntun shiru a farko da ƙarshen kowane fayil, sai a ji wani ɗan tsinkewa a inda bai kamata ba. Akwai kuma saitin daidaita ƙara: idan yana aiki waƙa-waƙa, zai ɗaga kashin da aka yi shi da murya ƙasa-ƙasa ya kai mai ƙara, bambancin da aka gina tsakaninsu ya tafi. A shiga saiti a kashe gauraya, a kashe narkarwa, a kunna sauraro marar tsinkewa, a mayar da daidaita ƙara ta koma ta albam gaba ɗaya. Idan za a ajiye kwafi a kwamfuta, a ajiye shi a FLAC, wanda ba ya zubar da komai daga sautin.

Wani kuskuren yana faruwa tun wajen saye. Ana ɗauka duk abin da aka rubuta wa ambiyent kiɗan barci ne. Ba haka ba ne. Makaɗin nan Aphex Twin ya fitar da Selected Ambient Works 85–92 a 1992, kuma yawancinsa da bugu irin na ganga a ciki. Albam na biyu mai wannan suna da ya biyo a 1994 kusan babu bugu, amma wurare da dama a cikinsa suna sa tsikar jiki ta tashi. Suna ɗaya, mutum ɗaya, hali daban. Wanda ya saya da sunan kawai zai sha mamaki. A saurari albam kafin a saye shi, kuma kada a tara goma masu kama da juna don kawai an ji sunayensu a bakin mutane.

Nan ne batun mazauninsa a cikin tarin ya shigo. Jera fayafai bisa haruffan suna yana da kyau ga sauran kiɗa, domin kana tuna mawaƙi ka je ka ɗauko. Shi wannan ba a cika tuna shi da suna ba, da lokaci ake tuna shi: na karatu, na dare, na ranar da kai ya yi zafi. Idan ya shige tsakanin fayafan rawa, hannu ba zai kai gare shi ba. A ware masa gefe guda, a jera bisa lokacin da ake kunnawa, masu haske a gaba, masu duhu a baya. A kwamfuta ma a yi haka da jerin sauraro, amma kowane albam ya shiga cikakke.

Masu son faifan garmaho su yi tunani kafin su biya. Faifai yana da ƙas-ƙas na ƙura da allura, wanda kiɗa mai ƙarfi ke rufewa, amma a kiɗa mai sanyi a fili ake jin sa. Fuska ɗaya kuma ba ta cika wuce minti 20 da 'yan kai ba, sai ka tashi ka juya. Da aka sake buga Music for Airports a 2018, an raba shi fayafai biyu masu juyawa sau 45 a minti: sauti ya ƙara kyau, tashi juyawa ya ƙaru. Faifan CD yana ɗaukar kusan minti 80 a jere babu ƙas-ƙas, kuma ga wannan kiɗa sau da yawa shi ya fi dacewa. Wanda ya zaɓi garmaho ya riƙa share faifai da burushinsa kafin kunnawa, ya ajiye shi a tsaye, nesa da rana da zafi, don kada ya lanƙwashe.

Sai dai ba kowane shuu ne lahani ba. Makaɗin Amurka William Basinski ya fara fitar da The Disintegration Loops a 2002, daga tsofaffin zaren tef ɗinsa da suka riƙa marmashewa a lokacin da yake kwafe su zuwa na'ura. Lalacewar ita ce kiɗan. Wanda ya bi ta kansa da manhajar goge hayaniya ya goge aikin.

Rubuta bayanan albam kuma ana yi masa riƙon sakainar kashi. Sunayen kashi a wannan kiɗa sukan zama lambobi, wasu ma babu suna, sai fayiloli su cakuɗe. A rubuta lambar kowane kashi, shekarar fitowa ta farko, shekarar bugun da ke hannunka, da lambar kamfani da ke jikin kwali, a gwada da abin da ke Discogs, shafin intanet da ke tara bayanan fayafai. Bugu ya kan bambanta fiye da yadda ake zato. Green na Hiroshi Yoshimura, wanda ya fito a Japan a 1986, yana da bugu biyu: ɗaya da sautin ruwa da tsuntsaye a kai, ɗaya babu. Idan ba ka rubuta wanne ne naka ba, za ka iya sayen abu ɗaya sau biyu, ko ka bar wanda ba ka da shi ya wuce ka. Fayilolin kuma a yi musu kwafi na biyu a wata ma'ajiya daban, domin albam yana iya ɓacewa daga manhajar sauraro ta intanet duk ranar da yarjejeniyar kamfani ta ƙare.