Yadda ake kumfar madara da injin espresso (injin haɗa gahawa mai ƙarfi) a gida

Ki ɗauko madara daga firiji da sanyinta. Mai maiƙo ta fi ba da kumfa mai laushi. Zuba a moɗar ƙarfe, kada ta wuce rabi, don za ta tashi.

Buɗe bututun tururin injin na daƙiƙa biyu tukuna, ruwan da ya kwanta ciki ya fita.

Sai ki tsoma bakinsa ƙasa kaɗan da saman madarar, ki saki tururin duka. Nan aikin yake. Za ki ji ƙara kamar ana yaga takarda, iska ce ke shiga. In ƙarar ta koma ihu, kin nutsa da yawa. In madara na fantsama, kin ɗaga da yawa.

Da moɗar ta yi ɗumi, ki ƙara nutsa bututun ta gefe, madarar ta riƙa juyawa. Kashe a digiri 60 zuwa 65 na Celsius, lokacin da tafin hannu ya kasa jure zafin. Ta wuce nan, zaƙinta ya tafi.

Goge bututun nan take da jiƙaƙƙen tsumma (na taɓa bari madarar ta bushe a jikinsa, na sha kankarewa), ki sake sakin tururi. Buga gindin moɗar a tebur, jujjuya har ta yi sheƙi, ki tsiyaya kan gahawar.