Koyon saƙa da kwarashi da kibiya: daga sarƙar farko zuwa rufe baki

Mai son koyon saƙa ya fara da kwarashi, ya ajiye kibiya sai hannu ya faɗa. A saƙar kwarashi yawanci ido ɗaya ne kawai, wato madaukin zaren da ke kan ƙarfe, yake buɗe, idan ƙarfen ya zame sai a mayar da shi a ci gaba. A saƙar kibiya kuwa idanu ashirin ko talatin ne jere a kan ƙarfe, ɗaya ya suɓuce sai ya warware ya gangara ƙasa.

Kayan farawa ba su da yawa, amma zaɓen ulu shi ne rabin aikin. A nemi ulu matsakaicin kauri, wanda kamfanoni da yawa ke sa wa lamba 4 a jikin takardarsa, mai santsi, mai launi ɗaya kuma mai haske. Baƙi da shuɗi mai duhu suna ɓoye idanu, mai gashi-gashi kuma ba ya warwaruwa idan an yi kuskure. Dunƙule ɗaya mai giram 100 na ulun roba ya isa gwaji. Sai kwarashi mai kaurin milimita 5, kibiya biyu su ma milimita 5, almakashi, tef ɗin awo, da allura marar tsini mai babbar kafa don ɓoye bakin zare. Kada a jefar da takardar da ke naɗe da ulun: a jikinta akwai girman ƙarfen da ya dace, yadda ake wanki, da lambar rini. Dunƙule biyu masu launi ɗaya amma lambar rini daban sukan bambanta kaɗan, ba a ganewa sai an haɗa su a aiki ɗaya.

Ana farawa da ƙullin zarge, a bar jela kamar santimita 15, a zura kwarashi a ja zaren har ya kama ƙarfen ba tare da ya shaƙe shi ba. Hannun dama ya riƙe kwarashi yadda ake riƙe biro. Zaren da ke zuwa daga dunƙule ya zagaya ƙaramin yatsan hagu, ya hau kan manuni; babban yatsa da na tsakiya su riƙe aikin dab da ƙarfen. Bahago ya juya komai, sakamakon ɗaya ne. Wannan riƙon na hagu shi ke daidaita tsaurin zare, kuma shi ya fi komai ɗaukar lokaci kafin a saba.

Sarƙa ita ce tushe. A ɗora zare kan ƙarfen daga baya zuwa gaba, a jawo shi ta cikin idon da ke kai, an yi sarƙa ɗaya ke nan. A yi 21. Idon da ke kan ƙarfe ba ya cikin lissafi. Kuskuren da kusan kowa ke yi a nan shi ne matse sarƙa, saboda ana ƙulla idon a siririn wuyan kwarashi kusa da ƙugiya. Kowane ido sai ya hau jikin ƙarfen mai kauri kafin a yi na gaba, domin a nan yake samun girmansa. Wanda hannunsa ya cika tsauri ya yi sarƙar da kwarashi milimita 5.5 ko 6, sannan ya koma 5 a layin farko.

Gajeren ɗauri shi ne na farko da za a koya. A tsallake sarƙar da ke jikin ƙarfe, a soka a ta biyu, a ɗora zare a jawo, idanu sun zama biyu a kan ƙarfe. A sake ɗora zare a jawo ta cikin biyun gaba ɗaya. Haka har ƙarshe, za a samu ɗauri 20. A yi sarƙa ɗaya, a juya aikin, a dawo. Daga layi na biyu, saman kowane ɗauri yana da zare biyu masu siffar V, a soka ƙarƙashin duka biyun.

A ƙirga ɗauri a ƙarshen kowane layi, ko da ya gundura. Idan aikin yana tsukewa yana hawa, ana tsallake ɗaurin ƙarshe ne, wanda yakan kwanta a gefe ya ɓuya. Idan yana faɗi, ana soka wuri ɗaya sau biyu ko ana soka cikin sarƙar juyi. Maganin duka biyun ɗaya ne: a maƙala ɗan guntun zare mai wani launi a ɗaurin farko na kowane layi, idan an dawo a san nan ne iyaka.

Dogon ɗauri ya fi sauri. A ɗora zare tun kafin a soka, a soka, a ɗora a jawo, idanu uku ke nan. A ɗora a cire biyu, a sake ɗorawa a cire biyun da suka rage. Sarƙar juyinsa uku ce, kuma yawanci ana lissafa ta a matsayin ɗauri, don haka ana tsallake gurbin farko, a kuma yi ɗaurin ƙarshe a saman sarƙar juyin layin baya. Mai bin rubutaccen tsari ya duba daga ina ya fito: abin da ake rubutawa dc a tsarin Amurka dogon ɗauri ne, a tsarin Ingila kuwa dc gajere ne.

Idan gefuna sun fara fita a miƙe, lokacin kibiya ya yi. A sa ƙullin zarge a kibiyar hagu. A soka ta dama cikin idon daga gaba zuwa baya, a naɗa zare a tsininta, a jawo sabon ido, a ɗora shi a kibiyar hagu. A maimaita har idanu su kai 20. Saƙar gaba motsin nan ne dai, sai dai sabon idon yana zama a kibiyar dama, a zame tsohon daga ta hagu. Zare yana bayan aiki. A saƙar baya zare yana gaba, ana soka kibiya daga dama zuwa hagu ta gaban idon. Duk wani zane da ake gani a saƙar kibiya daga waɗannan biyun yake fitowa.

Saƙar gaba zalla a kowane layi tana ba da ƙyalle mai kunya-kunya wanda yake kwanciya lafiya. Layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya yana ba da fuska mai santsi irin ta rigar sanyi, amma gefensa sai ya naɗe. Wannan halin saƙar ne, ba laifin hannu ba. A bar idanu uku ko huɗu a kowane gefe ana yi musu saƙar gaba kullum, naɗewar za ta ragu. Idan ana sauya gaba da baya a layi ɗaya, zaren ya bi ta tsakanin kibiyoyin. In ya haura ta saman kibiya, sai a wayi gari da ƙarin ido da rami a ƙarƙashinsa. Idon da ya suɓuce kuma ba ya buƙatar a warware aiki: a kama shi da kwarashi ta fuska mai santsi, a riƙa jawo zaren da ya kwanta a samansa ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa, har a kai layin da ake, a mayar da shi kan kibiya.

Rufe baki, wato kammala aikin kibiya don kada ya warware, shi ne a saƙa ido biyu, a ɗaga na farko ya tsallake na biyu ya faɗi, a saƙa ɗaya a sake tsallakewa. A sassauta hannu sosai, domin bakin da aka matse ba ya buɗewa. In saura ido ɗaya, a yanke zare da jelar santimita 15 a zura ta ciki a ja.

Kafin a saƙa abin sawa, a yi ɗan gwaji mai faɗin santimita 15, a ƙirga idanun da ke cikin santimita 10 a tsakiyarsa. Idan tsari ya ce 18 aka samu 20, hular da aka ɗora wa ido 90 don ta kai santimita 50 za ta tsaya a 45, ba za ta shiga kai ba. Sai a ƙara kaurin ƙarfe da rabin milimita a sake gwadawa. In idanun sun gaza adadin, a rage.

Sabon dunƙule a gefen layi ake haɗa shi, a bar jela a ɓangarorin biyu. Bayan an gama, a zura kowace jela a allura a bi da ita ta bayan aiki kamar santimita biyar, a juyo a koma kaɗan, sannan a yanke. Ulun tumaki yana ƙanƙancewa ya dunƙule da ruwan zafi da cuɗa, a wanke shi da ruwan sanyi a hankali. Ulun roba ba ya shan dutsen guga, zafi yana kashe masa laushi ko ya narkar da shi. Kowannensu a matse ruwan cikin tawul, a shimfiɗa a kwance ya bushe, domin rataye shi a igiya yana sa nauyin ruwa ya ja shi ya ɓata siffarsa.