Yadda ake fito da dacewa da muhimmancin bincike kafin a fara rubuta kundin digiri

Duk shekara idan zangon karatu na ƙarshe ya kama, ɗalibai 'yan unguwannin Asawase da Aboabo da Sawaba a nan Kumasi ta ƙasar Gana sukan kawo mini babin farko na kundinsu in duba musu kafin su miƙa wa malamin da ke kula da aikinsu. Nakan tsallake gabatarwa in tafi kai tsaye sashen muhimmancin bincike, kuma abin da nake tararwa kusan iri ɗaya ne: wai binciken zai amfani gwamnati, da masu tsara manufofi, da ƙungiyoyi masu zaman kansu, da masu bincike na gaba. Wannan jimla tana yawo daga kundi zuwa kundi, har ana iya cire ta daga aikin ɗalibin noma a liƙa ta a aikin ɗalibar jinya ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya ba. Ba zan tsaya kan tsarin shafi ko jera madogara ba, domin jagorar da sashenku ya raba ta wadatar. Abin da ke kayar da ɗalibai a gaban malamai shi ne wannan sashe da suke rubutawa cikin minti goma.

Mataki na farko shi ne ka raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Dacewa tana nufin tambayarka ta taɓa wata matsala da ke damun wasu mutane, ko wani fannin ilimi, a wannan wuri da wannan lokaci. Muhimmanci kuwa shi ne girman abin da zai sauya idan ka samo amsa. Lokacin da aka ga cutar kumburin reshe tana kashe itatuwan koko a gabashin ƙasar nan a 1936, cikin kimanin shekara biyu aka buɗe tashar binciken koko a Tafo ta ƙasar Akyem a 1938. Binciken ya dace saboda gonaki suna mutuwa a idon manoma, kuma yana da muhimmanci saboda arzikin ƙasa ya dogara sosai da koko. Ka rubuta jimla ɗaya ga kowanne a takarda daban. Idan ɗaya ta ƙi fitowa, kada ka ci gaba tukuna.

Mataki na biyu shi ne ka je inda matsalar take kafin ka buɗe intanet. Ni ƙa'idata ce ba na duba taken ɗalibin da bai yi magana da aƙalla mutum biyar da abin ya shafa ba. Likita Cicely Williams, wadda ta yi aiki a asibitin yara na Princess Marie Louise da ke Akara, ta bayyana a 1933 wata cuta da ke kumbura yaran da aka yaye aka dogara da abincin masara wajen ciyar da su, a lokacin da wasu likitoci a Ingila ke musun cewa sabuwar cuta ce. Sunan da ta sa mata a rubutunta na 1935, kwashiorkor, daga bakin 'yan ƙabilar Ga na yankin Akara ta samo shi, kuma ma'anarsa ciwon da ke kama babban yaro idan an yi masa ƙane. Iyaye mata sun riga sun haɗa ciwon da yaye tun kafin a rubuta shi a mujallar likitoci. Shekaru da yawa bayan haka, a 1992, Cibiyar Binciken Amfanin Gona da ke Fumesua, nan kusa da Kumasi, ta fitar da irin masarar Obatanpa, wadda furotin ɗinta ya fi na masarar da aka saba inganci, kuma sunan a harshen Twi yana nufin uwa tagari. Duk ayyukan biyu sun taso ne daga abin da ake zuba wa yaro a kwano.

Mataki na uku shi ne wanda ni kaina na faɗi a kansa, saboda haka zan daɗe a nan. Ranar da na kare tsarin bincikena na digiri na biyu, na shiga da shafi ashirin da na kwana ina gyarawa. Wani dattijon malami ya saurare ni har na kai aya, ya cire tabarau ya ajiye a kan takardata, sannan ya tambaye ni wane ne zai sauya abin da yake yi idan hasashena ya tabbata, kuma wane ne zai sauya idan bai tabbata ba. Na ce gwamnati. Ya ce wane ofishi. Na yi shiru. An mayar mini da aikin, na yi asarar zango guda, kuma laifin nawa ne, domin ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba.

Tun daga nan ga abin da nake sa kowane ɗalibi ya yi. Ka ɗauki farar takarda ka raba ta gida uku. A gida na farko ka rubuta wanda zai yi amfani da sakamakon, da muƙaminsa da wurin aikinsa, mutumin da za ka iya hawa mota ka je ka same shi. A na biyu ka rubuta shawarar da ke hannunsa wadda yake yankewa yanzu ba tare da isasshen sani ba. A na uku ka rubuta yadda shawarar za ta bambanta idan amsarka ta zo haka, da kuma idan ta zo akasin haka. Gida na uku shi ne mai wuya, kuma idan amsoshin biyu duk za su bar mutumin yana yin abin da ya saba, bincikenka ba shi da muhimmanci komai kyawun Turancinsa.

Wata ɗaliba 'yar Aboabo ta zo mini da take a kan illar roba ga muhalli a nahiyar Afirka. Na ce mata, "'Yata, daga ƙofar gidanku zuwa rafi taku nawa ne?" Ta ce, "Malam, ai da damina ruwan har tsakar gidanmu yake shigowa." Na roƙe ta ta je ta tsaya a bakin rafin da sassafe. Ta dawo tana ba ni labarin ledojin ruwan sha da suka toshe ƙarƙashin gada, da buhunan shara ɗaure da baki waɗanda aka jefa cikin dare, alhali masu aboboyaa, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, suna zagayawa unguwar suna kwasar shara a biya su. Takenta ya koma tambaya guda: me ya sa gidajen da ke bakin rafin ba sa ba masu aboboyaa shararsu, kuɗin ne ya yi yawa, ko lungun ne ba ya shiguwa, ko lokacin zuwansu ne bai dace ba? Gida na farko a takardarta ya cika da jami'in tsaftar muhalli na majalisar Asokore Mampong da unguwar ke ƙarƙashinta, da wakilin unguwa, da sarkin zango. Idan kuɗi ne matsala, maganar tallafi za a yi. Idan lungu ne, wurin tara shara za a nema. Kowace amsa tana tura su hanya daban, kuma da wannan takarda ta rubuta sashen muhimmanci a sakin layi biyu.

Masu binciken lissafi ko kimiyyar da ba ta da amfani na nan take kada su ce wannan bai shafe su ba. A wurinsu mai gida na farko wani masani ne a fannin, shawarar da ke hannunsa kuma ita ce ra'in da zai riƙe ko gwajin da zai yi gaba.

Mataki na huɗu shi ne bitar ayyukan da suka gabata, kuma gargaɗi ɗaya nake da shi. Cewa ba a taɓa yin wannan bincike a Kumasi ba, ita kaɗai ba ta isa hujjar ci gaba da bincike ba, domin akwai abubuwa da yawa da ba a bincika ba saboda babu mai bukatar amsarsu. Dole ka nuna dalilin da ya sa abin da aka gano a unguwar Nima ta Akara ko a Kano ba lalle ya yi daidai da unguwarku ba. Ka fara da kundayen da ke ɗakin karatun jami'ar KNUST ta Kumasi da na Jami'ar Gana da ke Legon, yawancin na baya-bayan nan suna intanet kyauta, sannan ka duba alƙaluman ƙidayar 2021 na Hukumar Ƙididdiga ta Gana kafin ka kashe sidi ɗaya wajen tattara abin da aka riga aka tattara.

Tun da an taɓo kuɗi, ka auna farfajiyar bincikenka da aljihunka. Buga takardun tambayoyi, da kuɗin mota, da ɗan abin da za ka ba wanda zai raka ka gida-gida, duk daga gare ka za su fito. Unguwa ɗaya da ka bi da kyau ta fi gundumomi uku da ka leƙa, kuma ka fassara tambayoyinka zuwa Hausa da Twi da kanka, ka gwada su a kan mutum goma kafin ka buga da yawa.

Sauran matakan ba su da wuyar faɗa. Idan ka zo nazarin alƙaluma, kada ka ɗauka duk abin da kwamfuta ta nuna ƙasa da 0.05 a ma'aunin da ake kira p-value ya zama mai muhimmanci a rayuwa, domin wannan ma'auni yana nuna wuyar samun irin wannan bambanci bisa katari ne kawai, kuma idan mutanen da ka tambaya suna da yawa, ɗan bambancin da bai kai a kula ba ma zai iya tsallake shi. Ka faɗi girman bambancin da kansa. A babi na biyar ka dawo da takardarka mai gida uku, kowace shawara ka ɗora ta a kan mutumin da ka ambata tun farko. Bayan an sa hannu a kundin, ka taƙaita sakamakon a shafi ɗaya da Hausa mai sauƙi, ka kai wa sarkin zango da wakilin unguwa, ka kuma nemi limamin unguwa ya ba ka minti biyar bayan salla ka karanta wa waɗanda suka amsa maka tambayoyi.