Yadda ake ratsa Tailan, Lawos da Kambodiya a kan keke ba tare da cin nama ba

Abin da ya fi ruɗar mai shirin wannan tafiya shi ne zaton cewa tunda ƙasashen mabiya Buda ne, abinci marar nama zai zo masa har inda yake, musamman a wuraren ibadarsu da ake kira wat. Ba haka abin yake ba. Mazhabar da ake bi a ƙasashen nan uku ita ce Theravada, kuma sufinta, wato malamin addinin Buda da ke zaune a wat, yana cin duk abin da aka zuba masa a kwanon sadaka, ko kifi ko nama, sannan da zarar rana ta take tsaka ya gama cin abinci sai gobe. Saboda haka cikinka a wuyanka yake, kuma a kan wannan za ka gina dukkan shirin.

Fara da takardu

Fasfo ya zama da sauran wata 6 ko fiye. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ya nemi bizar kowace ƙasa tun kafin ya tashi, kada ya dogara da wadda ake bai wa wasu a bakin iyaka. Tailan kuma tana neman katin rigakafin zazzaɓin shawara daga wanda ya fito ƙasashenmu. Ka saka shi cikin fasfo, ka naɗe su a leda.

Lokaci da hanya

Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin: ruwa ya ɗauke, zafi da sauƙi. Maris da Afrilu rana na dukan mutum, ga hayaƙin ƙona gonaki.

Hanyar da nake ba da shawara ita ce bin kogin Mekong. Ka tashi daga Nong Khai a Tailan, ka haye Gadar Abota da aka buɗe a 1994, ka shiga Vientiane, babban birnin Lawos. Ka kula a nan: Tailan hannun hagu ake tuƙi, Lawos da Kambodiya hannun dama, kuma safiyar farko ce hannu ya fi mantawa. A wasu gadojin Mekong ba a barin mai keke ya tuƙa, sai an ɗora keken a bas, don haka ka tambaya tun jajibere. Daga Vientiane hanya mai lamba 13 ta miƙe kudu zuwa Pakse, kusan kilomita 670, ta zarce har iyakar Kambodiya. Kada ka tsara shiga Kambodiya kai-tsaye daga Tailan sai ka tabbatar a buɗe take, domin rikicin kan iyaka na 2025 ya sa an rufe mashigun ƙasa tsakaninsu.

Kilomita 60 zuwa 80 a rana sun isa. Ka tashi da sassafe, ka fake daga hantsi mai zafi zuwa la'asar. Keke mai giya da ƙarfin ɗaukar kaya, tayoyi masu kauri, kayan faci, famfo, man sarƙa da hular kwano, ba ka buƙatar fiye da haka.

Abinci, inda aikin yake

Naman da ke bayyane a faranti ba shi ne matsala ba. Matsalar ita ce wanda ya narke cikin miya. A Tailan ruwan kifi ne, nam pla, da kuma kapi, wato daddawar ƙananan jatanlande. A Lawos padaek ne, a Kambodiya prahok, duka kifi ne da aka tsima da gishiri. Matsayinsu a girkinsu kamar na daddawa ne a namu: mai dafawa ba ta ma lissafa su a matsayin nama. Ka ce mata ba ka cin nama, ta amsa da gaskiyarta, ta kuma zuba padaek da gaskiyarta.

Na ga haka da idona a wata rumfa kudu da garin Thakhek a Lawos. Matar tana kirɓa ɗanyar gwanda a turmin ƙasa, ta jefa barkono, ta matsa lemun tsami, sai hannunta ya tafi da kansa wajen ludayin da ke cikin tulu. Da na ce "bo sai padaek", wato kada a saka, sai ta tsaya cak da ludayin a sama, ta dube ni, ta mayar da shi, ta ɗebo gishiri. Tun daga ranar nake tsayawa kusa da turmi ko kasko har a gama.

Ka haddace kalmomi kaɗan. A Tailan "mai sai nam pla" na nufin ban da ruwan kifi. Kalmar "je" kuwa ta fi kowace ƙarfi: ban da nama, kifi, ƙwai, har tafarnuwa da albasa. Shagunan da ke sayar da irin wannan abinci suna kafa tuta rawaya mai jan rubutu, kuma suna yawaita a bikin kwana 9 da ake yi wajen watan Oktoba. Ka roƙi wani ɗan gari ya rubuta maka dukkan abin da ba ka ci a kati, da rubutunsu, ƙasa ɗaya kati ɗaya.

Romon taliya ka bar shi, kusan kullum da ƙashi ake dafa shi. Abin da zai riƙe ka a ƙauye shi ne shinkafa mai danƙo, khao niao, wadda ake dunƙulawa da hannu kuma tana yini a jaka ba ta lalace ba. Ka haɗa da gyaɗa, ayaba, gasasshen dankali, ƙwai idan kana ci, da awara, wadda suke kira tao hu. Duk garin da ka samu kasuwar safe, ka sayi guzurin yini biyu. Ga Musulmi wannan tsari yana da ƙarin amfani, domin alade ya cika girkin yankin, kuma barin nama gaba ɗaya yana ɗauke masa waswasin yanka.

Shiga wat

Baƙo ne kai a wurin da mutane ke girmamawa. Ka cire matsattsen wandon keke daga ido, ka sa abin da ya rufe kafaɗa da gwiwa, ka tuɓe takalmi a bakin matakala. In ka zauna, ka lanƙwashe ƙafa baya, kada tafinta ya fuskanci mutum-mutumin Buda ko wani sufi. Mace ba ta taɓa sufi, ba ta kuma miƙa masa abu hannu da hannu, sai ta ajiye ya ɗauka. Babu mai tilasta maka rusunawa. Tsayawa gefe cikin natsuwa ya wadatar.

A Vientiane ka ga Pha That Luang, wanda Sarki Setthathirath ya gina a 1566, da Wat Si Saket na 1818, mai dubban ƙananan mutum-mutumin Buda a cikin ramukan bango. Kudu da Pakse akwai Wat Phou a gindin dutse, ginin Khmer, wato mutanen Kambodiya, da ya fara a matsayin wurin bautar Hindu, wanda UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Haka ma Angkor Wat na ƙarni na 12, a Kambodiya, ya faro kafin ya koma hannun mabiya Buda, kuma ana zagaya yankinsa a kan keke.

In dare ya riske ka

Kada ka ratse daji don kafa tanti. Tsakanin 1964 da 1973 Amurka ta zuba wa Lawos bama-bamai sama da tan miliyan 2, kuma waɗanda ba su fashe ba har yau suna kashe manoma da yara. Kambodiya ma tana da nakiyoyi a binne. Ka taka inda mutane ke takawa.

Idan babu masauki, ka nufi wat na ƙauyen tun da sauran haske, ka sauka daga keke tun a ƙofa saboda karnuka, ka nemi babban sufi ka roƙi izini. Sau da yawa zai nuna maka buɗaɗɗiyar rumfar taro. Ka ci guzurinka a gefe, ka ɗaura gidan sauro. Kafin gari ya waye za ka ji motsin sufayen suna shirin fita karɓar sadaka ba takalmi. Ka naɗe shimfiɗarka, ka share wurin, ka saka abin da ya sawwaƙa a akwatin gudummawa, ka cika gorunan ruwa kafin ka hau.