Lissafin lokaci a Jogirafi: riƙe lamba 4

Mai shirin WAEC, ka riƙe wannan: kowane digiri ɗaya na layin longitud (layukan da ke tashi daga arewa zuwa kudu a taswira) minti 4 ne.

Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 duk awa.

In aka tambaye ka bambancin lokaci tsakanin garuruwa biyu, nemo tazarar digiri tsakaninsu, ka ninka da 4. In gabas ka nufa ka ƙara a kan lokacin da aka ba ka, in yamma ka rage, don mutanen gabas ke riga ganin rana. Da haka nake koya wa ƙannena a Agege, sun daina ruɗewa.

Amma ka kula, dabarar ba ta ba da lokacin agogon ƙasa. Legas tana wajen digiri 3 gabas, lissafi zai ba ka kusan minti 12 gaba da Greenwich (wurin da layin digiri 0 ya ratsa a Landan), alhali agogonmu awa guda ne cur, domin Najeriya tana bin layin digiri 15 gabas. Karanta tambayar sau biyu ka ga wanne ake nema.