Yadda za ka koyar da zane ko da makarantarku ba ta da fenti

A makarantu da yawa nan Jos, idan lokacin darasin zane ya yi, malam kan zana kofi ko mangwaro a allo ya ce yara su kwafa. Wanda nasa ya fi kama da na malam ya kwashe maki, sauran su tashi da tunanin cewa Allah bai ba su wannan baiwa ba. Ina koyar da darasin nan a ƙaramar sakandare, kuma abin yana ci mini rai, domin an koya wa yaro kwafa, ba a koya masa kallo ba. 'Yan uwana malamai, ga yadda nake bi da nawa ɗaliban.

Kayan aiki su ne uzurin kowa, don haka mu fara da su. Gawayi mai laushi daga murhu ya isa fensir. Kwalin da masu shaguna ke zubarwa a Taminus da takardar buhun siminti sun isa takarda. Launi kuwa, a tankaɗe jar ƙasa da farar ƙasa, a jiƙa ƙaro ya narke a haɗa da su don su kama jikin kwali. Kurkum yana ba da ruwan ɗorawa, zoɓo ja mai duhu, shunin wanki shuɗi. Baƙin launi ba sai ka koya musu ba: duk yaron da ya zauna a makarantar allo ya san yadda ake haɗa tawada da yadda ake feƙe alƙalami. Bar shi ya nuna wa aji.

Darasin farko kada ka taɓa alli. Ɗora abu na gaske a kan tebur, kabeji ko buta ko tsohon takalmi, ka ce kowa ya zuba masa ido na minti biyu ba tare da ya ja layi ba. Sai ka tambaye su: ta ina haske yake shigowa? Ina inuwa ta faɗi? Tsayinsa ya fi faɗinsa? Bayan nan su zana. Kana zagayawa, idan ka ga kuskure kada ka karɓi gawayin daga hannun yaro ka gyara masa. Ce masa ya sake duba bakin butar, zai gano da kansa. Wannan idon da ka horar shi ne zai zana furen da aka yanka a darasin kimiyya, ya gane kusurwa a lissafi, gobe kuma ya yanka yadi daidai idan ya zama tela.

Akwai iyayen da ba sa son a sa 'ya'yansu zana mai rai saboda addini. Kada ka yi musu da su, kada kuma ka tilasta wa yaro. Abin zanawa ba ya ƙarewa: zayyanar allon sauka, dagin Arewa, aska takwas ta babbar riga, ƙunshin da 'yan mata suka riga suka ƙware a kai, adon da dukawan Naraguta ke yi a jikin fata, duwatsun Shere da ake hangowa daga filin makaranta. Na sha ganin uban da ya zo da fushi ya koma da zayyanar ɗansa a hannu zai liƙa a shago.

Yumɓu shi ne darasin da na fi so, kuma shi ya fi neman haƙuri. Saya daga masu ginin tukwane; kada ka kuskura ka aiki yara kududdufan da haƙar kuza ta bari, suna da zurfi, sun ci rayuka. A tsince tsakuwa, a daka fasasshiyar tukunya a zuba kaɗan, a cuɗa sosai har iska ta fita. Yara su murza shi dogo-dogo, su riƙa ɗora wani kan wani suna shafewa da yatsa. Da irin wannan gini na hannu Ladi Kwali ta yi suna, ita da ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Baturen nan maginin tukwane Michael Cardew a 1954, a garin da yanzu ake kira Suleja. Ciro naira 20 ka nuna musu hotonta a baya. Iskar hunturun Jos tana tsaga yumɓu cikin dare ɗaya, saboda haka a rufe aikin da jiƙaƙƙen tsumma da leda, ya bushe a hankali a inuwa kamar mako biyu. Wanda aka gasa da sauran danshi a ciki fashewa yake yi a wuta.

Sau ɗaya a shekara, nemi izinin shugaban makaranta ka kai su Gidan Tarihi na Jos, wanda Bature masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya kafa a 1952. Su ga kawunan mutum-mutumin Nok da masu haƙar kuza suka fara tonowa a ƙauyen Nok a 1928, aikin yumɓu da ya haura shekara 2,000, su lura da hujojin ido da hanci. Kusa da nan akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Kowa ya tafi da kwali da gawayi, ya zaɓi abu ɗaya tak ya zauna ya zana.

A zango na uku nakan shimfiɗa babban kwali, in haɗa yara biyar-biyar su zana unguwa guda tare, Bahaushe da Birom da Ibo a rukuni ɗaya. A garin da ya sha rikici irin namu, ganin su suna gardama kan inda za a sa masallaci da coci da mai shayi ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Wajen ba da maki, raba shi uku: yadda yaro ya lura, yadda ya kammala aikin, da yadda ya bayyana abin da ya yi da bakinsa a gaban aji. Sa kowa ya rubuta suna da kwanan wata a bayan aikinsa, ka adana a babban kwali ɗaya. Ranar karɓar sakamako a ɗaura igiya a baranda a rataye na kowa, har da na wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, zanensa na farkon zango kusa da na ƙarshe.